Ranar Da Garkuwar Yaya Ta Sauka

A bayan gidana samari sun kafa wurin ɗaga ƙarfe. Sun zuba siminti a gwangwanayen fenti, sun soka bututu a tsakiya, kullum da safe sai su taru. Ɗagawar ba ta dame ni ba, yarwar ce take hana ni sakewa. In mutum ya kai ƙarfen sama sai ya sake shi ya faɗo, tim, har kwanon shan ruwana ya motsa, gabana kuma ya faɗi tare da shi. Iyalina sun ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, haka Allah ya yi ni tun ƙuruciya. Ni ne wanda zai kulle ƙofa ya dawo ya sake taɓa ta, ni ne mai maimaita alwala don kokwanto. Yayana ya laƙaba mani Sarkin Fargaba, sunan ya bi ni har yau. Abin da zan faɗa na gani da idona, in na ƙara ko na rage Allah ya yafe mani.

Mu mahauta ne, a wani ƙauye kusa da Pauwa. A lokacinmu ɗan mahauci wuƙa yake gada da dambe, ba a tambayarsa ko yana so. In kaka ta yi, an sare dawa, an jingine kara, sai ka fara jiyo kalangu daga nesa da la'asar, garuruwa suna kiran juna. A ƙafa muke zuwa, ta cikin daji, ba mai tare ka sai dai Bafillace ya ba ka nono. Yanzu hanyoyin nan ko da rana tsaka mutum sai ya yi addu'a kafin ya bi su, filayen damben kuma ciyawa ta cinye. Wanda ya koya mana damben kawunmu ne, wan mahaifiyarmu, tsohon ɗan dambe mai karyayyen hanci, wanda haƙoransa na gaba duk suka zube a filayen mutane. Ba ya yawan magana, kuma bai taɓa koya mana naushi a ranar farko ba. Mayanka ya kai mu. An feɗe wani bijimi, ya kama ƙafar gaba, ya ja jan naman da hannunsa, sai ga kofato ya lanƙwaso kamar dabbar tana da rai.

"Kun gani?" in ji shi. "Tsoka ba ta san turi ba, ja kaɗai ta iya. Amma jan nata iri uku ne. Wanda ya san ɗaya ya bar biyu, gawa ce tana yawo."

Sauran karatun a bakin rijiya muka yi shi. Na farko, ka jawo guga cike da ruwa: nan tsoka take tattarewa ta dunƙule, shi ne ƙarfin ɗagawa, shi ne na naushi. Na biyu, in gugan ya zo rabi sai Kawu ya ce tsaya. Ba sama ba ƙasa, igiya tana cin tafin hannunka, damtsenka yana wuta alhali ko motsi bai yi ba. Wannan shi ne riƙo, kuma shi ne garkuwa, wato hannun hagu da ɗan dambe yake miƙewa a gabansa ya tsare fuskarsa. Na uku shi ne wanda muka fi tsana: ka mayar da gugan ƙasa da ruwansa, a hankali, tsoka tana miƙewa tana riƙewa, har ya taɓa ruwa ba tare da an ji ƙara ba. In Kawu ya ji tsulum, sai dorina. Washegari cinya da kafaɗa su yi tsami har tsuguno ya gagare ka. Shekarun nan ne manyan motoci suka fara yawa a hanyar Ƙanƙara, sai Kawu ya samu misali. Ya ce wannan na ukun shi ne birki, kuma bai taɓa jin gudu ya kashe direba ba sai rashin birki.

Yana da dokokinsa. Akwai taikin fata da muke ɗauka mu zaga gari da shi, ranar kasuwa kaɗai yake ƙara masa yashi, shi ma tafi guda. In ka ce a ƙara da yawa sai ya ce da sannu ɗan tsako ke zama zakara. Washegarin aiki mai nauyi ba mai taɓa guga, sai fura da nama da barci, don a cewarsa gona ma in ba a bar ta ta huta ba ƙaya take haifarwa. Nauyin da yake ba ni daban ne da na Yaya, kowa da ma'auninsa. Maganar da ya fi maimaitawa kuwa ita ce ƙarfi baƙo ne, ranar da ka daina ba shi tuwo ranar yake fara naɗe tabarmarsa. Ni tsoro ya sa nake bin dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, don na san hannuna ba shi da wani abin a zo a gani, garkuwa ce kaɗai za ta cece ni. Yaya kuwa Allah ya ba shi hannu. Na ga ya kashe ƙato a turmin farko, wato zagayen farko na wasa, kisa a dambe kuwa shi ne ka sa hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na ga ya doki wani a haƙarƙari mutumin ya yi aman jini a kan ƙafar makaɗi. Makaɗin garinmu ya yi masa takensa na kansa, wanda in aka kaɗa ko mata a cikin gida sun san wa ake kira.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Samari suka fara bin motoci zuwa birni, ana ta gine-gine, ana neman masu ƙarfi. Yaya ya tafi Kaduna dakon siminti, damina ta wuce, wata ta wuce, ba mu gan shi ba. Da ya dawo, a wata kaka, sai da gari ya fito kallo. Ga rediyo a rataye, ga agogo, ga wando mai faɗin ƙafa. Amma jikinsa aka fi kallo. Wuyansa ya haɗe da kafaɗa, damtsensa ya kai cinyar yaro. A gaban majalisa ya ɗaga buhun dawa ya kai kansa ya yar, ƙura ta tashi, aka yi ta tafi. Kafin kwana nawa labari ya kai ko'ina cewa ya dawo ya ninka na da. A daidai lokacin mutanen Damari suna da wani ɗan dambe da ake kira Gatari, dogo, siriri, ya fara manyanta, ya kashe mana mutane a kakar da ta wuce. Aka sa ranar haɗuwa a Tafoki, kowa ya ce ranar ramuwa ta zo.

Kawu bai yi tafi ba. Ya kira mu bayan gida, ya cika ƙananan ƙore biyu da ruwa, ya ce kowa ya miƙe hannun garkuwarsa. Ya ɗora mana a tafin hannu, ya koma gindin bango ya fasa goro.

"Kawu, wasan yara kuma?" in ji Yaya yana dariya. "Ni da nike sauke tirela tun safe har azahar?"

"Riƙe dai."

Kawu bai kai rabin goronsa ba hannun Yaya ya fara rawa. Ruwa ya soma zuba ta gefe. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi, hannun yana sauka kaɗan-kaɗan kamar reshen da aka yi wa sara. Ƙwaryar ta kife. Tawa tana nan, ni ban ma san in ajiye ko in ci gaba ba.

"In ka ɗauko buhun simintin, yaya kake ajiye shi?" Kawu ya tambaye shi.

"Ajiyewa? Wa ke da lokacin wanga? Jefarwa ake, a koma a ɗauko wani."

"To shi ne. Ka ciyar da ɗaya ya yi ƙiba, biyu sun mutu da yunwa. Ƙarfin dako na dako ne, na dambe na dambe ne. Ka ba ni daga nan zuwa bazara in gyara ka, amma bana ba ka shiga fili."

Yaya ya dube ni, har lokacin ƙwaryata na hannu. Ban ga tahowar hannunsa ba, sai dai na ji ni a ƙasa, bakina cike da jini, leɓena ya tsage har ciki. Ya ce wa Kawu, "Ga mai riƙon naka nan, riƙon ya hana shi faɗuwa?" Ya kaɗe wandonsa ya fita. Kawu ya tofar da goro, ya ce in je in kurkure baki da ruwan gishiri.

Daga ranar ban sake cin abinci ya zauna mani ba. Ba zafin dukan ba ne, Yaya ya saba dukana tun muna yara. Hannun nan nasa na dama nake tunani, da shi yake ci, da shi zai yi auren da ake shirin yi masa bayan kaka. Na je wurin mahaifiyarmu, ta ce namiji ba ya jin maganar mace a kan dambe. Na je wurin Sarkin Fawa, ya ce in daina yi wa ɗan'uwana baki. Shi Yaya kuwa, maganar Kawu ta ɗan taɓa shi ta wata hanya: sai ya tashi zai rama abin da ya rasa a 'yan kwanakin da suka rage. Ya cika taiki da yashi har baki, ya yi ta jan guga safe da yamma ba hutu. Ana gobe tafiya na ga yana sa riga yana yamutsa fuska, kafaɗarsa ta yi tsami ba ta ɗaguwa sosai.

A babbar mota muka tafi Tafoki, wani ɗan kwangila ya bayar. Filin ya cika, har Maguzawa da matansu sun zo daga ƙauyukansu, yara a kan itatuwa kamar birai. Ni nake ɗaure wa Yaya hannu tun asali. Na naɗa ƙyalle, na bi da igiya daidai yadda Kawu ya koya mani, na duba na sake dubawa. Da na gama, sai abokansa na birni suka ja shi gefe. Suka ce ɗaurin ƙauye ne wannan, hannu irin nasa sai ɗauri irin nasa. Suka ƙara igiya a kai, suka ƙara, suka tsoma dunƙulen a ruwa don ya yi nauyi. Da ya dawo hannun ya zama kamar kan taɓarya. Na faɗa wa Kawu, ya rufe ido ya ce, "An ƙara wa mota kaya."

Dabara ɗaya ta rage mani. A al'adar dambe, in aka kaɗa takenka kana wurin, dole ka miƙe. Wanda ya ji takensa ya zauna, shi da gidansu sun shiga bakin duniya, ko ɗiya ba a ba su. Amma in ba a kaɗa ba, ba wanda zai ce ka gudu. Na lallaɓa wurin makaɗinmu, tsoho ne sa'an mahaifinmu, na durƙusa.

"Baba, don Allah, don Annabi, kada ka kaɗa taken Yaya yau. Ka kaɗa nawa."

Ya dube ni ta saman kalangu. "Kai har take gare ka, Sarkin Fargaba?"

"Ka kaɗa ko na wa. Jikinshi ba daidai yake ba, Kawu ma ya sani."

"Ɗan nan, dubi jama'ar nan. Ba ni suka zo ji ba, ba kai suka zo gani ba. In na ƙi kaɗawa, makaɗin Damari ya iya taken, shi zai kaɗa, a ce mun ɓoye mutum. Wanne ya fi?"

Aka yi ƙananan wasanni, aka fasa hanci, wani yaro ya rasa haƙori. Da rana ta yi sanyi Gatari ya fito. Bai yi kirari mai tsawo ba, ya tsaya tsakiyar fili yana kaɗa hannu. Kafin kowa ya motsa na yi tsalle na shiga, nawa hannun a ɗaure. Aka fashe da dariya. Gatari ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dafa kaina da hannun hagu kamar mai shafa ɗan akuya, ya ce, "Je ka kira yayanka." Ya miƙa dunƙulensa wajen da Yaya yake zaune. Kalangu ya ɗauki taken Yaya. Ban taɓa jin kiɗan da na tsana irin wannan ba. Yaya ya taso, ya bangaje ni da kafaɗa na faɗi cikin mutane, mata suka rangaɗa guɗa.

Turmin farko na Yaya ne. Ya afka kamar sa, naushinsa ya goge gefen kan Gatari, kunnen ya yage, jini ya wanke masa wuya har ƙirji. Da ya same shi sosai da an ɗauki gawa. Mutanenmu suka hau ihu, ana liƙa wa makaɗi sababbin kuɗi. A turmi na biyu Gatari ya ƙi matsowa. Ya miƙe garkuwarsa, ya yi ta zagaye, in Yaya ya taka ɗaya shi ya ja ɗaya. Aka fara yi masa eho, ana cewa ya tsorata. Ni ba Gatari nake kallo ba, hannun hagun Yaya nake kallo. Na ga yatsun sun fara rawa. Daga saitin ido ya dawo saitin baki. Daga baki ya dawo haɓa. Na yi ta kiran "Yaya, garkuwa, garkuwa," amma wa zai ji ni a cikin wannan hayaniya? Da hannun ya kai ƙirji, Gatari ya shigo ta samansa. Ƙarar kamar an fasa kabewa da dutse. Hancin Yaya ya kwanta gefe, haƙora biyu suka faɗo a ƙasa, jini ya rufe masa baki.

Bai faɗi ba. Da ya faɗi a nan da ya tashi da hannunsa. Ya girgiza kai, ya yi gurnani, ya tattara duk ƙarfin simintin nan ya kawo naushi tun daga bayansa. Gatari ya sunkuya kawai. Dunƙulen mai nauyi ya wuce ta saman kansa, bai samu abin da zai tare shi ba, jikin ma ba shi da abin tsayar da shi, sai ya tafi da hannun gaba ɗaya. Na ji ƙarar. Duk mahaucin da ke wurin ya ji ta ya gane ta, don ita muke ji kullum in muka ɓalle ƙafar gaba daga jikin bijimi. Kalangu ya yi shiru da kansa. Yaya yana tsaye, hannun dama yana reto, ya fi na hagu tsawo, kafaɗar ta faɗa kamar an kwashe mata nama.

Dokar dambe ba ta san hannu ya ɓalle ba, ƙasa kaɗai ta sani. Kawu ya taso yana cewa, "Durƙusa, yaro, sa gwiwa ƙasa." Ni ma ina faɗa, ina kuka. Gatari kansa ya ja baya, ya ce masa, "Taɓa ƙasa mana, ɗan'uwa, kada ka sa ni." Yaya ya tofa masa jini a ƙafa, ya ɗaga hagun nan da ba ta da sauran riƙo, ya tako. Gatari ya dube mu, sannan ya doke shi a muƙamuƙi. Yaya ya faɗi a kan hannun da ya ɓalle.

Ni na yanke ɗaurin da wuƙa, don hannun ya kumbura igiya ta nutse a cikin nama, yatsun sun yi baƙi. Maɗori ya taka masa hamata da ƙafa, ƙarti suka danne shi, aka ja har ƙashin ya koma, Yaya ya suma ya farfaɗo ya sake suma. Ƙashi ya koma, amma tsokar ta tsinke daga mazauninta, ta dunƙule a wuri guda kamar curin fura. Daga baya an kai shi asibiti, suka ce an makara. Hannun ya yi ta motsewa har ya koma kamar na yaro. Bai ƙara riƙe wuƙa ba, bai ƙara ɗaukar buhu ba. Auren an yi, yarinyar ba ta guje shi ba, Allah ya saka mata. Ni nake yanka nake feɗewa, shi yana zaune a teburi yana miƙa wa mutane nama da hagu, yana ba su haƙuri. Kawu bai taɓa ce masa na faɗa maka ba, amma daga kakar nan bai sake koya wa kowa dambe ba. Ni ma ranar na kwance nawa ɗaurin.

Ni da Yaya mun tsufa tare. Bai taɓa tayar da zancen Tafoki ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai in zai sa riga ranar Juma'a yakan aiko a kira ni, ko da 'ya'yansa suna nan. In na ɗaga masa hannun na zura a riga sai ya ce, "A hankali, Sarkin Fargaba, kai ka iya saukewa."

Bara ya rasu. A maƙabarta samari suka ce in tsaya a gefe, na tsufa, su za su sa shi. A cikinsu har da jikansa, wanda ya gado wuyansa da kafaɗarsa, yana cikin masu yar da ƙarfe a bayan gidana. Na ce a'a. Na shiga ramin, na ce yaron ya shigo kusa da ni. Aka miƙo mana Yaya, na karɓi wajen kafaɗar, nauyin ya zo mani gaba ɗaya, damtsena ya ɗauki wuta irin ta bakin rijiya. Na ji yaron yana neman saki don ya ga an kusa ƙasa. Na ce masa riƙe, ba a kai ba. Ya riƙe, hannunsa yana rawa. Muka yi ta sauke shi, a hankali, a hankali, har ya kwanta a kan damansa, ba wanda ya ji ƙara.